Ƙaro a Murfin Tanki

Ko na so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba, don haka gara in faɗa da bakina. Ba zan taɓa mantawa da kwanaki goman da na kusa korar mahaifina daga gida ba, da ɗan ƙaron da bai kai ƙwayar wake ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a lekol, wato makarantar bokon ƙauyenmu, kusa da Gangara. Yanzu ina kolej a Tanut, amma har yau in na ji ƙarar injin niƙa sai kunnuwana su ɗauki zafi.

Sai na fara gaya muku yadda injin jirgin ruwa ya zo Damargu, ƙasarmu, inda babban ruwan da muka sani shi ne tabkin damina mai ƙafewa kafin a gama kai hatsi rumbu. Shekarar da fari ya kashe mana shanu, Baba ya yi gabas neman abin da za mu ci. Ya kama aiki a jirgin wani Babarbare a tafkin Cadi, suna dakon banda da fasinja. Shekara biyu yana can. Sai tafkin ma ya bi sawun shanu: ruwa ya yi ta janyewa har jirgin ya zauna a kan taɓo, taɓon ya bushe ya tsattsage. Maigidan ya ce wa Baba, “Katakon na rana ne. Ciro injin ka tafi da shi, ka ga abin da Allah zai yi.” Haka Baba ya dawo mana a bayan kamyo, babbar motar kaya, ya rame ya yi baƙi, da injin naɗe cikin tsohuwar tabarma kamar za a kai shi makwanci.

An yi masa dariya sosai. “Malam, a ina za ka tuƙa? A rijiya?” Ya gina ɗan ɗakin laka a ƙofar gida, ya kafa injin a kan kututture, ya samo kan niƙa daga Damagaram ya haɗa su da bel, ya ajiye tano, wato duro, cike da ruwa don sanyaya shi. Ranar da ya murɗa manibel, ƙarfen nan da ake tada injin da shi, gari ya fara zubowa, masu dariyar ne suka fara turo matansu da ƙorai. Baba dai bai taɓa kiran abin injin niƙa ba. Jirgi yake ce masa. “Zan je in tada jirgi.” In an zuba hatsi kuwa sai ya ce an yi lodi. Gonarmu ba ta ba da abin kirki ba shekarar nan, da ɗan hatsin da mata ke bari ladan niƙa muke tuwo. Na sha jin yana ce wa Inna, “Muddin jirgi na tafiya, ba inda zan sake zuwa.” Ni kuwa na riƙe maganar nan, don na san yadda gidanmu yake in ba ya nan.

Ni yarinya ce marar magana. A aji, in Mushe, malaminmu, ya yi tambaya, yara sai su ɗaga hannu suna ƙyasta yatsu, “Mushe! Mushe!” kamar ana toya gyaɗa. Ni ko na san amsa, hannuna ba ya wuce kunnena, in ya waiwayo sai in yi kamar susa nake. Amma ina da ido. Na san ƙwaryar kowace mace a layin niƙa ta wurin ɗinkinta. Na san wace ƙusar injin ce ke sassautowa in an daɗe ana aiki. (Abin da ban sani ba shi ne, gani daban, ganewa daban.)

Kakata, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta, ita ta koya mini liƙi. A wurin Kaka huda a jikin abu abin kunyar mai gida ce. Takan tsinko ƙaro a jikin dakwara ta ajiye a ƙullin zanenta. In tandun man shanu ya fara yoyo, ko tankin fitila, ko gwangwanin kananzir, sai ta tauna ƙaro har ya yi laushi, ta danna shi a hudar, ta shafe da ɗan yatsa, ta goga kunkunniya a kai. “Ƙaro ba na ruwa ba ne, takwara, na mai ne,” in ji ta. “Kuma liƙin da aka gani ba liƙi ba ne.”

Ranar Alhamis ba mu zuwa lekol, ita ce ranar da nake share ɗakin injin. Wanda bai taɓa shiga ɗakin niƙa ba bai san gari ba. Har cikin gashin ido yake kwana. Ina goge tankin gazuwal, wato man injin, da tsumma sai na lura da wata ƴar huda a tsakiyar murfinsa, kamar ta allura. Gefenta ya jiƙe da mai, gari ya manne ya yi zobe. Baba fa sau biyu yake tace gazuwal da ƙyalle kafin ya zuba, kullum yana cewa ƙwayar datti ɗaya a cikin mai guba ce. Ga shi yana tacewa ta baki, datti na shiga ta murfi! Na yi mamakin yadda babban mutum kamarsa, wanda ya ga tafkin Cadi da idonsa, bai ga abin da na gani ba.

Na je na ɗebo ƙaron Kaka. Na tauna, na danna, na shafe, na lakato baƙin hayaƙi a bakin bututun injin na goga a kai. Wallahi aiki ya yi kyau. Ko ni da na yi, sai da na karkata murfin ga haske kafin na gane wurin. Ban gaya wa kowa ba. So nake wata rana Baba ya gano da kansa, ya ce, “Wane mai hankalin ne ya yi wannan?” ni kuma in sunkuyar da kai.

Washegari da na taso lekol da tsakar rana na tarar da layin ƙorai har bakin darni, mata na zaune sun yi tagumi. Injin na tafiya lafiya lau, tuk-tuk-tuk, muddin ba a zuba komai ba. Baba ya yi lodi. Aka niƙe ƙwarya ɗaya, aka shiga ta biyu, sai muryar injin ta fara yin ƙasa. Bel ya rage gudu har ina iya ganin ɗinkin da ke jikinsa yana wucewa. Tuk... tuk... tuk. Baba ya yi maza ya tsayar da hatsin, injin ya ɗan farfaɗo, ya sake saki, ya sake laƙwasa. Daga nan ya yi tari biyu ya mutu.

Baba mutum ne mai bin abu daki-daki, kuma yana aiki yana magana, ko ba mai sauraro. “A tafki,” ya ce, “in jirgi ya ƙi ja da kaya, farfela, fankar da ke tura shi, ake fara dubawa, ko ciyawa ta naɗe ta ko tsohuwar komar kamun kifi. Nan farfelarmu ita ce kan niƙa.” Ya kwance farantan niƙa, ba dutse ba ƙusa. Ya taɓa bel, bai yi sako-sako ba. Ya ciro matacin iska, ya same shi cike da gari, ya wanke, ya ce, “Yauwa, ga ɓarawon.” Sannan ya buɗe murfin tanki ya leƙa, kamar yadda yake yi kullum kafin ya tada. Na ji wata ƴar ƙara, fsss, kamar mutum ya ja iska ta haƙori. Na ji, na ajiye a raina, ban san inda zan sa ta ba.

Ya rufe, ya murɗa manibel, injin ya tashi da ƙarfinsa. Mata suka gyara zama. Ƙwarya ɗaya da rabi, ya sake mutuwa.

Haka aka yi kwana uku. Ranar Asabar ya ce ruwa ne a cikin mai, ya juye tankin kaf, ya tace, ya mayar ya cika shi har wuya. (Cikawar ma, daga baya na gane, ita ta ƙara saurin mutuwar.) Ranar Lahadi ya kwance matacin mai ya wanke da kananzir, ya cire siririn bututun da ke kai mai ya busa da bakinsa har leɓensa ya yi fari. Kowane gyara sai ya yi kamar ya ci, don kowane gyara da buɗe murfi yake ƙarewa. Ya tsaya yana kallon hayaƙi ya ce, “Da kaya ne suka fi ƙarfinsa, da baƙin hayaƙi zai yi. Wannan yunwa ce. To amma wace irin yunwa, ga abinci cike da tanki?”

Ranar Litinin da la'asar nake zuba wa Kaka ruwan alwala. Butar ta cika ta yi nauyi, sai na tallafe ta da tafin hannuna a kan bakinta na sama. Ruwa ya ɗan zubo, ya yi siriri, ya tsaya.

“Zuba mana, takwara, ko rowar ruwan ma kika koya a lekol?”

Na ɗaga hannuna. Butar ta ja iska, ruwa ya zubo. Na mayar da tafin, ya tsaya. Na ɗaga, ya zubo. Sau uku na yi, Kaka na zagina. Hudar nan ba lalacewa ba ce. Hanci ne. Ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita. Ni na toshe wa jirgin Baba hanci da ƙaro, na kuma shafa masa kwalli.

Mai hankali da a take ya tashi ya je ya faɗa. Ni dabara na fara nema. Na ce bari in faki ido in cire ƙaron, injin ya warke, a ce ikon Allah. To amma tun ranar Lahadi Kaka ta sa wa Baba zargi a rai. “Ɗan nan, ba kowa ke son ka da abin nan ba. Ka san ko wani ke zuba maka abu a mai?” Baba ya samo kwaɗo ya sa wa ƙofar, mabuɗin na aljihunsa. In ƙofa a buɗe take, yana ciki. In ba ya ciki, a kulle take.

Sai na ce to, in faɗa. Na je na tsaya a bayansa, yana tsugune gaban injin.

“Baba.”

“Na'am, Uwata.” (Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa.)

Ya waiwayo. Idanunsa sun yi ja, ga baƙin mai a goshinsa. Maganar ta taso har maƙogwarona, ta duba waje, ta koma.

“A kawo maka fura?”

“Kawo, Allah ya yi miki albarka.”

Albarkar nan ta fi mari zafi. Washegari na sake zuwa, na sake tambayarsa fura. Da na je karo na uku, kafin in buɗe baki ya ce, “Uwata, na ƙoshi.” Kowace rana da ta wuce laifin sai ya ƙara nauyi, don yanzu ba liƙin kaɗai zan amsa ba, har da shirun jiya da na shekaranjiya.

Mata suka daina zuwa da ƙorai. Luguden turmi ya dawo garin kamar da. A gidanmu tuwon ya koma kunu, kunun ma ya fara ganin ƙasan kwano. Na ga Inna tana karkaɗe buhun da ta riga ta karkaɗe.

Muna da akuya ɗaya, ja mai farin goshi. Ita kaɗai ta tsira daga farin nan, don Inna ta riƙa raba dusa da ita lokacin da mutane ma dusar suke ci. Tana da ciki, ya tsufa. Ina wanke kwanoni na ji Baba yana magana ƙasa-ƙasa. “Sai an kira bakanike daga Tanut. Ni iyakar sanina ke nan. Ba don dole ba, ba zan tambaye ki ba.” Inna ta ce, “To ai ba akuya za mu ci ba, jirgin muke ci. Ja ta.”

Ranar kasuwar Gangara ni na riƙe igiyar har bakin gari, don akuyar ta ƙi bin Baba, ni ta sani. Tana tafe tana waiwayen gida. Ga ni, ga Baba, ba kowa a hanyar sai mu, ba wanda zai ji. Ban taɓa samun dama irin wannan ba. Na buɗe baki na ce, “Baba, tana son a sosa mata bayan kunne.” Ya karɓi igiyar ya ce zai gaya wa mai saye. Na tsaya ina kallonsu har suka shige cikin dakwara, sannan na koma lekol na zauna na rubuta darasin lissafi da rubutu mai kyau.

Bakaniken ya iso ranar Juma'a a kamyon da ke bi ta garinmu. Lawali sunansa, dogo, da baƙin tabarau da akwatin ƙarfe. Ya zagaya injin sau biyu yana taɓe baki.

“Wa ya ce maka ana niƙa da injin jirgi, Malam?”

“Shekara guda yana yi, maigida.”

“To ya gaji da yi.”

Ya zo da sabon bakin feshin mai a naɗe cikin takarda (akuyarmu ke nan, ta koma ƙarfen da bai fi ɗan yatsa ba). Ya ɗaura, ya buɗe murfin tanki ya leƙa. Fsss. Ya rufe. Injin ya tashi kamar sabo, aka yi lodi, wata maƙwabciyarmu har ta rangaɗa guɗa. Lawali ya kunna sigari ya jingina da ƙofa. Sigarin bai kai rabi ba jirgi ya nutse.

Ya yi yinin Asabar yana kwancewa yana ɗaurawa, yana zagin injin da Faransanci. Da yamma ya wanke hannu da toka ya ce, “Malam, gaskiya ɗaya ce. Cikinsa ya cinye. In ba kaya yana iya yaudararka, in an ɗora masa sai ya tona kansa. Gobe kamyo zai koma, mu ɗora shi. A Damagaram akwai masu sayen irinsa su fasa.”

Baba ya kalli injin. “To,” ya ce. “In na sauke shi sai in wuce Kano. In Allah ya sa da rabo, kafin shuka na dawo.” Wancan karon ma haka ya ce, ya yi shekara biyu.

Inna ta wanke masa riguna biyu ta shanya. Ta daka ɗan hatsin da ya rage ta yi masa guzuri. Ni na taya ta tankaɗe. Ina tankaɗe ina kuka, ta ɗauka kukan tafiyar Baba ne kaɗai, har ta dafa kaina ta ce in yi haƙuri.

Lahadi da hantsi kamyo ya tsaya a ƙofar gidanmu. Rabin gari ya taru, don ba kullum ake fitar da gawar jirgi ba. Har Mushe yana wurin, ya kawo wasiƙar da direba zai kai masa Tanut. Ƙullin kayan Baba na jingine da bango. Maza biyu sun fara kwance ƙusoshin kututture, Lawali kuma zai juye man tanki a gwangwani. Ya murɗe murfin, fsss, ya waiwaya yana neman inda zai ajiye, sai ya gan ni a raɓe da ƙofa.

“Ke, ƴar lekol, riƙe mini wannan.”

Ga murfi a hannuna. Kwana shida ina nemansa. Da tsinken kitsona zan iya cire ƙaron ba wanda ya gani. Har na kai hannu kaina, sai na tsaya. In na cire a ɓoye, me zai canja? Ba wanda zai sake tada injin. Za a ɗora shi da hancinsa a buɗe, a kai shi a fasa, Baba ya wuce Kano. Dabara ta ƙare. Saura baki.

Na ce, “Baba,” amma ko ni ban ji ba. Maza na “ɗaga nan, saki can”, direba na danna oda. Ban san lokacin da jikina ya yi abin da ya saba gani a aji ba. Sai ga hannuna a sama, miƙe har ƙarshe, ina ƙyasta yatsu, ina kuma ihu da wata murya da ban san ina da ita ba:

“Mushe! Mushe! Mushe!”

Kowa ya juyo: dattawa, mata da goyo, direba ta taga. Ni kuwa hannun ya ƙi sauka. Mushe ya gyara tabarau ya ce, “Ikon Allah. Shekara shida ina jiran hannun nan, ashe sai a ɗakin niƙa. To, muna ji.”

“Ni na liƙe.”

“Kika liƙe me?” in ji Baba.

“Hancinsa.”

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Na miƙa murfin, na nuna wurin. Lawali ya karɓa ya cire tabarau, ya juya shi, ya kankara da farce. “Ba komai a nan. Yarinyar nan lafiyarta ƙalau?”

“Ba ni nan,” in ji Kaka. Ta kutsa cikin maza, ta karɓi murfin, ta kai shi kusa da idonta, sannan ta lasa. A gaban kowa. Ta ɗan tsotsi harshenta.

“Ƙaron dakwara ne. An tauna shi yadda ya kamata, an kuma bi da baƙi.” Ta juyo gare ni, wallahi fuskarta har da alfahari. “Takwara, hannunki ya faɗa. Bakaniken birni ma bai gani ba.”

“Iya!” Baba ya ce.

“To ƙarya na yi?”

Ta tofa miyau a wurin, ta jira ya jiƙa, ta zare tsinken kaina ba tare da ta tambaye ni ba ta soka. Ɗan abin ya faɗo a tafinta, baƙi, kamar kashin ɓera. Lawali ya karɓi murfin ya busa, iska ta fita da ɗan fito. Ya tsaya. Ya mayar da tabaransa.

“Dama shi nake shirin dubawa,” ya ce.

“A Damagaram?” direba ya tambaya ta taga.

Aka yi dariya, amma Baba bai yi ba. Ya ce a mayar da ƙusoshin. Ya ɗaura bel da kansa, ya mayar da mai, ya rufe murfin, ya murɗa manibel. Ba hatsin gwaji a gidanmu, sai maƙwabciyar nan mai guɗa ta ruga ta kawo nata. Aka yi lodi. Ƙwarya ɗaya. Ta biyu, kowa ya kasa kunne a inda muryar ta saba faɗuwa. Ba ta faɗi ba. Wasu matan suka tafi suka dawo da nasu ƙorai. Ta uku, ta huɗu, ta bakwai, jirgi na tafiya kamar bai taɓa ciwo ba. Wannan karon ba wadda ta yi guɗa. Idanu suna ta komawa kan Inna, wadda ke tsaye a bakin darni da ƙullin guzuri a hannu.

Na ɗauka an gama da ni. Sai Baba ya rage wa injin wuta yadda kowa zai ji, ya tsuguna daidai tsayina.

“Yaushe kika liƙe?”

“Waccan Alhamis.”

“Don me?”

“Don kada gari ya shiga mai.”

Ya gyaɗa kai, kamar amsar ba ta yi masa muni ba. “To yaushe kika gane shi ne?”

Da na ce yanzun nan, ba mai ƙaryata ni. Har na ga hanyar a buɗe. Amma Mushe na kallona, Inna na kallona, kuma na gaji.

“Ran Litinin.”

Na ga lokacin da mutane suka lissafa a ransu. Litinin, akuya na nan a turke. Wata mata ta ce, “Innalillahi.” Inna ta juya ta shige gida.

Baba bai dake ni ba, ko da yake na so ya yi, da an wuce wurin. Cewa ya yi, “Liƙin na yafe, Uwata, gyara kika yi nufi. Amma sau uku kina zuwa mini da fura.” Ya miƙe ya ɗauki ƙullin kayansa ya miƙa mini. “Kai ciki. Ki ce wa innarki ba inda za ni.”

Kamyo ya tafi da Lawali da akwatinsa. Baba ya koma kasuwar Gangara mako na gaba ya yi cigiyar akuyar, aka ce wani Buzu ne ya saya, ya yi arewa wajen Tenhya da garkensa. Inna ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai kwanaki da yawa bayan nan, in ta wanke hatsi da safe takan ɗauki ruwan tsarin ta nufi turke, ta yi taku uku, ta tsaya, ta zubar a gindin darni. Ni kuma ina gani, don ido dai ina da shi.

A lekol, har na bar garin, in na wuce sai yara su ɗaga hannu suna ƙyasta yatsu. Mata kuwa in sun kawo niƙa sai su ce, “Malam, a duba hanci tukuna, ƴarka ta yi shara?”

Abin da na koya ba shi da yawa. In na ga huda a kayan wani, yanzu tambaya nake yi kafin in tauna komai. In kuma na yi ɓarna, da zafinta nake faɗa, ko murya na rawa, don na gano laifin da aka ɓoye ba ya zama haka nan, kiwonsa ake yi, kuma ci yake. Nawa a kwana shida ya ci akuya da cikinta, saura ƙiris ya haɗa da uba.